Horar da Hankali ta Kwamfuta: Me Zai Iya Yi wa Mai Ciwon Waswasi?

Alwalar da ya kamata ta ɗauki minti uku ta koma ta rabin awa, buta biyu ba ta isa. A tayar da kabbarar harama, a warware, a sake tayarwa, har liman ya yi ruku'u. Uwargida ta koma kicin sau bakwai don ta tabbatar ta rufe tukunyar gas. Mai shago a Kasuwar Barci ya kulle, ya kai bakin titi, ya dawo ya jijjiga kwaɗo, ya tafi, ya sake dawowa. Haka ciwon waswasi yake, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke kira OCD. Tunani marar daɗi ya faɗo wa mutum ba da son ransa ba, hankalinsa ya tashi, ya yi wani abu don ya samu sauƙi, sauƙin ya zo na ɗan lokaci, sannan tunanin ya dawo da ƙarfinsa. Likita yana kiransa ciwo ne idan ya cinye fiye da awa ɗaya a yini, ko ya hana mutum aiki, karatu ko zaman lafiya da iyali. Mutum 1 zuwa 3 cikin 100 ke gamuwa da shi a tsawon rayuwarsu. Bai ware addini ba: a Rigasa yana fitowa a tsarki da niyya, a Sabon Tasha a maimaita addu'ar neman gafara kan zunubin da ba a aikata ba.

Wuraren da ake duba wannan ciwo a jihar Kaduna ba su da yawa. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wanda yake Kafanchan ko Birnin Gwari, zuwa kowane mako ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga kunyar a gan shi a bakin ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa. Don haka idan aka ce akwai manhajar da mutum zai zauna da ita minti goma sha biyar a ɗakinsa ta rage masa waswasi, dole kunne ya tashi. Ra'ayinmu, bayan duba yadda abin yake aiki da abin da gwaje-gwaje suka nuna, shi ne wannan horo, na koya wa ido barin abin tsoro a allon kwamfuta ko waya, ɗan taimako ne da hujjarsa ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kuma ga mai waswasi yana da wani haɗari na musamman da masu tallarsa ba sa ambata.

Asalin abin daga ɗakin gwaji ya fito, ba daga asibiti ba. A 1986, Colin MacLeod da Andrew Mathews da Philip Tata, a Landan, suka ƙirƙiro gwajin ɗigo don su auna inda idon mai fargaba yake fara sauka. Ga yadda yake. Mutum ya zauna gaban allon kwamfuta, tazarar santimita 50 zuwa 60. Alamar tarawa ta bayyana a tsakiya na rabin daƙiƙa don ido ya tsaya wuri ɗaya. Sai kalmomi biyu ko hotuna biyu su fito, ɗaya sama ɗaya ƙasa: ɗaya mai tayar da hankali, ɗaya wadda ba ruwanta. Su ma rabin daƙiƙa kawai suke yi, milisakan 500, su ɓace. Nan take sai wata alama ta fito a gurbin ɗaya daga cikinsu, ɗigo ko kibiya ko harafin E ko F, mutum ya danna maɓallin da ya dace da iyakar saurinsa. Kwamfuta tana rubuta lokacin da ya ɗauka. Idan ya fi sauri a duk lokacin da alamar ta fito a gurbin kalma mai tayar da hankali, an fahimci idonsa yana can tun kafin alamar ta zo. Wannan shi ne karkatar hankali zuwa ga abin tsoro.

A 2002, MacLeod, wanda a lokacin yana Jami'ar Yammacin Ostareliya, ya juya ma'aunin ya koma horo, da sauyi guda ɗaya tak. A wajen aunawa, alamar tana fitowa rabi a gurbin abin tsoro, rabi a gurbin ɗayan. A wajen horo, kusan kullum a gurbin abin da ba ruwansa take fitowa. Ba a gaya wa mutum wannan dabara. Bayan ɗaruruwan zagaye, ido da kansa yake koyon cewa riba tana wajen barin abin tsoro da sauri. Tsarin da aka fi bi a gwaje-gwajen asibiti shi ne zama takwas cikin mako huɗu, sau biyu a mako, kowane zama zagaye 160 zuwa sama da 200, wato minti 15 zuwa 20. Rukunin da ake kwatantawa da su suna yin aiki iri ɗaya, sai dai nasu rabi da rabi ne.

Gwajin da ya sa aka fara ɗaura wannan horo da ciwon waswasi shi ne na Sadia Najmi da Nader Amir, a San Diego ta Amurka, wanda aka wallafa a 2010. Sun ɗauki mutum 52 masu tsoron ƙazanta, suka raba su gida biyu, rabi suka yi horon, rabi suka yi na kwatance. Daga nan aka kawo abubuwa masu ƙyama aka ce kowa ya tunkare su mataki-mataki, daga kusanta har zuwa taɓawa. Waɗanda suka yi horon sun ci matakai fiye da sauran. Sakamako ne mai kyau, amma a kula da iyakarsa. Mutanen ɗalibai ne masu alamun ciwon, ba marasa lafiyar da aka tabbatar musu da shi a asibiti ba. Zama ɗaya aka yi, kuma a ranar aka auna. Abin da gwajin ya nuna shi ne horon yana iya sa mutum ya ɗan ƙara ƙarfin halin tunkarar abin da yake gudu. Bai nuna an warke ba, bai kuma nuna abin da ya faru bayan wata guda ba.

Abin da ya biyo baya ya sanyaya gwiwar masana. A fannin fargaba gaba ɗaya, gwaje-gwajen farko sun ba da sakamako mai daɗi, amma da aka fitar da horon daga ɗakin gwaji aka miƙa shi ga mutane a gidajensu ta intanet, sai bambancin ya ɓace. Gwajin Per Carlbring da abokan aikinsa a Suwidin, a 2012, kan masu tsoron shiga jama'a, bai samu bambanci tsakanin horon gaske da na kwatance ba. A 2015, Ioana Cristea da Robin Kok da Pim Cuijpers suka tattara gwaje-gwajen irin wannan horo suka auna su wuri ɗaya. Sun samu amfani kaɗan, wanda yake ƙara ƙanƙancewa idan aka ware gwaje-gwaje marasa inganci, tare da alamun cewa waɗanda suka ba da sakamako mai kyau sun fi samun shiga mujallu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yanayin da horon ya fi gazawa, wato mutum shi kaɗai a gida ba mai kula, shi ne ainihin yanayin da mutumin Kaduna zai yi amfani da shi.

Me ya sa yake gazawa? Dalili na farko yana cikin ma'aunin kansa. Karkatar da ake aunawa sau da yawa ba ta wuce milisakan 10 zuwa 30 ba, kuma tun 2005 Stefan Schmukle ya nuna cewa mutum ɗaya yana iya ba da sakamako daban-daban idan aka maimaita masa gwajin. Yau a ce idonsa yana bin abin tsoro, gobe a ce yana gudunsa. Idan aka koma waya, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Allon yawancin wayoyi yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato duk milisakan 17 ko kusa da haka, kuma jinkirin da ke tsakanin taɓa allo da rubuta taɓawar yana iya fin wannan, yana kuma sauyawa daga waya zuwa waya. Daidai yake da auna gwal da sikelin buhun masara. Ƙaramin allo yana da wata matsalar: kalmomin biyu suna kusa da juna har ido yana ganinsu a kallo ɗaya, ba ya bukatar matsawa, don haka babu abin da ake horarwa. Sai kuma saƙo ya shigo, yaro ya yi kuka, batir ya yi ƙasa ga babu wuta. A ɗakin gwaji ana zubar da zagayen da aka yi kuskure da waɗanda aka yi saurin da ya wuce hankali ko jinkirin da ya wuce kima. Idan rabin zaman ya tafi a haka, ba a yi horo ba.

Akwai kuma batun abin da ake nunawa a allon. Yawancin manhajojin da Turanci aka gina su. Kalmar Turanci mai nufin ƙwayoyin cuta ba za ta motsa zuciyar dattijuwar Tudun Wada da ke fama da shakkar najasa ba. Ita abin da ke tayar mata da hankali shi ne fitsari, jini, masai, wankin jariri. Dole kalmomin su zama na mutumin, shi ya zaɓe su ya ba kowacce maki gwargwadon yadda take damunsa, sannan a haɗa kowacce da abokiyar da ta yi daidai da ita a tsawo da yawan amfani, kamar najasa da kujera, ko jini da taga. Idan ɗaya ta fi tsawo, ido zai bi ta don tsawonta, ba don tsoro ba. Wanda karatun bokonsa ba ya sauri kuwa, rabin daƙiƙa ba za ta ishe shi karanta kalma biyu ba, sai dai a yi masa da hotuna, su ma a daidaita haskensu da girmansu. Ba aiki ne da manhajar da aka sauko da ita kyauta za ta yi wa kowa ba.

Babbar matsalar ta fi waɗannan zurfi. Ba a ma tabbatar cewa duk mai waswasi yana da wannan karkatar ido ba. An fi ganin alamarta a masu tsoron ƙazanta, domin abin tsoronsu yana waje, ana ganinsa. Binciken Steffen Moritz da abokan aikinsa a Hambog ta Jamus ya sha neman karkatar a masu OCD ta hanyar kalmomi bai same ta ba. To ina ga wanda waswasinsa na aƙida ne, mummunan tunani game da Allah ko Annabi yana faɗo masa cikin sallah? Ko mai jegon da ke ganin hoton kanta tana cutar da jaririnta, tana kuka a ɓoye ba ta iya gaya wa kowa? Nasu abin tsoron a cikin kai yake. Babu hoton da za a sa a allo a koya wa ido ya bar shi, kuma babu mai hankalin da zai sa sunaye masu alfarma a jerin kalmomin da ake horar da mutum ya kau da kai daga gare su. Tun 1978 Stanley Rachman da Padmal de Silva suka nuna cewa mafi yawan mutane masu lafiya suna samun irin waɗannan tunane-tunane. Bambancin mai waswasi shi ne ma'anar da yake ba su: tunda na yi tunanin, to ni mugu ne, ko imanina ya tafi, ko idan ban duba ba gobara za ta tashi kuma laifina ne. Gwajin ɗigo ba ya taɓa wannan ma'ana ko kaɗan.

Haɗarin da muka ambata da farko ga shi. Ciwon waswasi da gudu yake rayuwa. Duk lokacin da mutum ya kauce wa abin tsoro ko ya yi maimaici, irin sake alwala ko sake duba kwaɗo, ya samu sauƙi, ya ƙara tabbatar wa kansa cewa da bai yi ba da bala'i ya faru. Masu goyon bayan horon suna cewa su ba gudu suke koyarwa ba, suna sassauta maƙalewar ido ne a cikin rabin daƙiƙar da mutum bai ma sani ba. Hujjar tana da ma'ana a ɗakin gwaji. A gida, mai waswasi yana iya fahimtar darasin a matsayin "da na ga abin da ke damuna in kau da kai", kuma wannan shi ne abincin ciwon. Mafi muni, manhajar da kanta tana iya zama sabuwar alwala. Tunani ya zo, ya ɗauko waya ya yi zagaye ɗari don ya huce. Ya yi kuskure a zagaye na 90, ya koma farko don zaman bai cika ba. Ya riƙa duba makinsa sau goma a yini. Duk wanda ya kai nan, ya ajiye manhajar a ranar.

Akwai wani horon na daban da ake yawan rikita shi da wannan. Adrian Wells ne ya fito da shi a 1990 a Ingila, kuma da sauti ake yi. Minti 12 ne: kimanin biyar na farko mutum yana sauraron sauti ɗaya cikin sautuka da yawa, biyar na biyu yana sauya kunne da sauri daga wannan zuwa wancan, sauran yana ƙoƙarin jin duka lokaci guda. Manufarsa mutum ya gane shi ke riƙe da linzamin hankalinsa. Wells da kansa ya gargaɗa kada a yi amfani da shi don korar tunani. Da rukunin Moritz suka gwada shi a 2011 kan masu OCD 80, ta intanet ba tare da mai kula ba, bai fi zaman jira ba.

Maganin da yake da tarihi mai ƙarfi akasin gudu ne. Victor Meyer ya fara shi a Landan a 1966, Edna Foa da wasu suka inganta shi a Amurka, likitoci suna kiransa ERP: a tunkari abin tsoro da gangan, a hana maimaicin. Ana jera abubuwan da ke tayar da hankali, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 100, a fara da na wajen 40 ko 50. Mai shago ya kulle sau ɗaya, ya duba sau ɗaya, ya hau mota ya tafi gida da damuwar a ƙirjinsa, har jikinsa ya koyi cewa damuwar tana sauka da kanta. Zama 12 zuwa 20 ake yi, kowanne awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da aikin gida kullum. Fiye da rabin waɗanda suka kammala suna samun sauƙi mai yawa. Yana da wuya, wasu suna gudu tun a makon farko, kuma a nan ne kawai muke ganin gurbin horon kwamfuta: idan sakamakon San Diego ya tabbata, minti 15 na horo kafin zaman tunkara zai iya taimaka wa mai tsoron ƙazanta ya ci matakin da ya gagare shi.

Musulmi da yawa suna tsoron ERP zai sa su wasa da ibada. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Kaduna da Zariya ya riga ya amsa wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce wanda shakka ta aure shi a sallah, wato ta yawaita masa, ya yi watsi da ita, kada ya gyara komai, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce mai jin kamar alwalarsa ta karye kada ya bar sallah sai ya ji sauti ko wari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudun ruwa wanda bai kai lita ɗaya ba. Don haka tsarin magani yana iya zama: ruwa lita ɗaya, kowace gaɓa wanki uku ba ƙari, minti biyar a agogo, kabbara ɗaya. Ba a sa kowa ya yi sallah da najasar da ya tabbatar. Abin da ya fi aiki shi ne malami ya ba da hukuncin sau ɗaya a gaban mai magani, a rubuta shi, a daina komawa tambaya. Iyali su ma suna da rawa. Idan yarinya ta ce, "Mama, kin ga na wanke hannun sosai?" sau ashirin a yini, kowace "eh" ɗin Mama tana ciyar da ciwon. Amsar da ake koya wa iyaye ita ce a ce mata cikin taushi, "Mun yi alkawari da likita ba zan amsa wannan ba, zo ki zauna kusa da ni."

Sai magunguna. Fluoxetine, sertraline da 'yan uwansu, da tsohon maganin nan clomipramine, suna aiki a kan OCD, amma galibi da adadi mafi yawa fiye da na ciwon damuwa, kuma sai an ba su mako 8 zuwa 12 kafin a yanke musu hukunci. Wasu daga cikin waɗanda ke cewa maganin bai yi musu ba, tun kafin lokacin ya cika suka daina, ko kuɗin saye ya yanke. Bayan an samu sauƙi ana ci gaba aƙalla shekara ɗaya, kuma ba a dainawa lokaci guda. Likita ne ke rubuta su. Maganin barci irin diazepam da wasu ke karɓa a kemis ba ya maganin waswasi, jaraba kawai yake ƙarawa.

Idan tambayar ita ce yaya waya za ta rage wa mutumin Kafanchan zirga-zirga, akwai amsar da ta fi gwajin ɗigo hujja. A 2012, Erik Andersson da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gwada koyar da ERP ta intanet ga masu OCD 101, na mako 10, tare da mai magani da ke amsa saƙonninsu, kuma waɗanda suka samu wannan sun fi rukunin kwatance sauƙi sosai. Abin da ya yi aiki a nan shi ne tunkarar da kuma mutumin da ke bibiya. Irin wannan ne ya cancanci a gina da Hausa, da saƙon murya ga waɗanda ba sa karatu, da ma'aikatan jinya da aka horar suna kiran marasa lafiya sau ɗaya a mako.

Wanda duk da haka yake son gwada horon kwamfuta na gwajin ɗigo, ya yi shi a ƙarƙashin likita ko masanin halayyar ɗan'adam, kuma a auna. Ma'aunin da ake amfani da shi a duniya shi ne Y-BOCS, na 1989: tambayoyi 10, maki 0 zuwa 40, inda 16 zuwa 23 ke nufin matsakaici, 24 zuwa sama mai tsanani. A cike shi kafin farawa, a sake bayan mako huɗu. Raguwar kashi 35 cikin 100 ita ce ake ɗauka a matsayin amsa magani, wato daga 24 zuwa wajen 15 ko 16. A yi zaman a kwamfuta mai allon da ya kai girma da maɓallan dannawa, a ɗaki shiru, a rana da lokacin da aka tsayar tun farko, ba a lokacin da waswasi ya taso ba. Sau biyu a mako, zama takwas, kuma a ɓoye wa marar lafiya makinsa na kowane zama. Kada a dakatar da ERP ko magani saboda shi. Idan bayan mako huɗu maki bai motsa ba, ko lokacin alwala bai ragu ba, a bar shi. Wanda makinsa ya kai 24, ko ya daina cin abinci, ko hannunsa ya tsage saboda wanki, ko ya fara tunanin kashe kansa, ba mai jiran mako huɗu ba ne. A kai shi Barnawa ko asibiti mafi kusa a makon, wanda ke maganar kashe kansa kuwa a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin a isa.